Nasiha ga ƴaƴana masu haɗa robo a Dakoro

Ƴaƴana, maza da mata, ku da kuke zama a aji bayan an tashi kuna jona waya da waya don ɗan mutum-mutuminku ya bi baƙin layi a kan farar takarda, da ku nake magana. Ina ganin yadda kuke miƙa wa juna salula kuna kallon manyan gasannin robo na duniya, da dogon rufi da fitilu da tutocin ƙasashe da dubban ƴan kallo. Ina kuma jin abin da kuke faɗa in kun gama kallo. Wani ya ce, “Mushe, mu ina za mu iya da waɗannan?” Wata ta ce, “Da a irin wannan ɗaki muke aiki, da tuni mun ɗauko kofi.” Na farko ya karaya, ta biyu ta sami abin ɗora wa laifi, amma dukansu gini suka kalla suka yanke hukunci. Na daɗe ina koyar da kimiyya, ina raka ɗalibai wuraren gwada basira, kuma ba kasafai na ga yaro ya faɗi don ƙanƙantar garinsu ba. Abin da ya fi kayar da shi, bai tambayi yadda wurin gasar yake ba, bai kuma zauna ya karanta yadda aka tsara ta ba.

Gasar nan da ake kira FIRST, wadda yau take cika manyan zauruka a birnin Houston na Amurka, a ɗakin wasannin wata makarantar sakandare ta soma, a garin Manchester na jihar New Hampshire, cikin shekarar 1992. Ƙungiyoyi 28 ne suka hallara. Ƙwayar masara aka baza a filin, aka ce robo ya ratsa cikinta ya tattaro ƙwallayen tanis. Dean Kamen, injiniyan da ya kafa ta, bai jira an gina masa fada ba. Kuma ku lura, tun a wannan rana ta farko abin da ke ƙarƙashin taya shi ne rabin jarrabawar.

Saboda haka in an gayyace ku gasa, kafin ku tambayi girman zaure, ku tambayi a kan me robo zai yi tafiya. A gasar VEX da ta FIRST Tech Challenge fili ne mai ƙafa 12 kowane gefe, wato mita 3 da santimita 66, an shimfiɗa masa soso mai ɗan taushi. A World Robot Olympiad da FIRST LEGO League tebur ne mai ɗan bango a kewaye, da shimfiɗa mai zane, tsawonta ya haura mita 2, faɗinta mita 1 da ɗoriya. A garuruwanmu kuwa sau da yawa siminti ne, ko tayil mai santsi, ko fallen katako da aka ɗora a kan teburan aji. Taya ɗaya ce, amma halinta daban a kan kowanne.

Mu nan muna da ƙura. Lokacin hunturu in ka share tebur da safe, kafin azahar sai ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Ƙurar nan tana hawa taya, taya ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, ku kuma ba ku ankara ba, sai ku yi ta ƙara lissafi har kwana ta fito daidai. Ashe zamewar kuka lissafa a ciki. Ranar da kuka ɗora robon a kan shimfiɗa mai tsabta, taya ta kama sosai, kwanar da ya saba sha lafiya sai ya zarce ta. Tsumma mai ɗanshi ya isa maganin wannan. A goge taya kafin kowane gwaji, a gida da waje, har ya zama al'ada.

Haske ya fi ƙura ɓarna, don shi ba a ganin sawunsa. Idon robo mai bin layi ƴar fitila ce da ke haska ƙasa, da wani ɗan abu kusa da ita mai auna hasken da ya dawo. Fari yana mayar da haske da yawa, baƙi yana shanye shi. A ce a ajinku fari ya ba ku 70, baƙi ya ba ku 10, sai ku gaya wa robo duk abin da ya gaza 40 layi ne. Kun rubuta 40 ɗin nan cikin furogiram, kun manta da shi. To a kai robon zauren da manyan fitilu ke dukan tebur daga sama, ko ɗakin da rana ta shigo ta taga ta kwanta a rabin fili, baƙin da kuka sani ya koma 45, robo ya tsallake layi ya nufi bango. Na ga yarinya tsaye tana kallon robonta yana ta juyi wuri ɗaya, hawaye na zubo mata, alhali ko noti ɗaya bai kwance a jikinsa ba. Wani ɗan kallo ne ya ji zafi ya buɗe taga. Wata biyu ta yi tana aikin nan, kuma aikin mai kyau ne.

Ɗiyata, ga abin da za ki yi don kada hakan ta same ki. Ki rubuta ɗan ƙaramin furogiram da zai sa robo ya auna fari ya auna baƙi a inda aka ajiye shi, ya raba tsakani da kansa. Ki yanka baƙin kwali ki kewaye idon da shi, ki saukar da idon kusa da ƙasa, kamar santimita 1, don hasken waje ya rasa ta inda zai shiga. Sannan ki gwada shi da safe a aji, ki gwada shi da rana a inuwar bedi inda haske ke ɗigowa ta cikin ganye, ki gwada shi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki. Robon da ya bi layi a waɗannan wurare uku, da wuya wani zaure ya ruɗa shi.

Zafi ma yana da nasa. Da yawanku kuna amfani da ƴar na'urar nan mai auna nisa da sauti, wadda ake jona wa Arduino. Tana aika ƙara, ta jira ta dawo, ta lissafa nisa daga lokacin da ta ɗauka. Gudun sauti a iska kuwa da zafi yake tafiya: mita 343 a daƙiƙa in zafi na digiri 20, kusan 355 in ya kai 40. Kun san a Afrilu da Mayu digiri 40 ba baƙo ba ne a Dakoro. Wanda ya daidaita na'urarsa a bazararmu ya shiga da ita zaure mai na'urar sanyi, zai sami kuskuren sama da santimita 3 a kowace mita, kuma santimita 3 ta isa ta sa hannun robo ya damƙi iska. Haka batir. In kun ce wa robo ya yi tafiyar daƙiƙa 2, nisan da zai ci da cikakken batir daban yake da wanda zai ci bayan gwaji goma. Ku ƙidaya juyin taya maimakon lokaci. Taya mai faɗin milimita 56 tana cin milimita 176 a kowane juyi, ko batir ya cika ko ya ja baya. Wannan lissafin da'ira ne da kuka yi a kolaji, ga ranar amfaninsa ta zo.

Kada ku ɗauka babban zaure ba shi da nasa cikas. Inda mutane suka yi yawa, kowa da salula, roboti da dama suna magana da rimot ɗinsu a lokaci guda, saƙo yakan yi jinkiri ko ya yanke. Hayaniya takan hana mai tuƙi jin abokinsa. Wurin caji ba ya isar kowa, kuma bakin cajarmu mai ƙafa biyu ba ya shiga na Najeriya mai ƙafa uku, wutar Amurka kuwa bolt 120 ce, tamu 220. Ni in za a tambaye ni wane wuri ne ya yi kyau, zan dubi ko filin a miƙe yake, ko hasken bai sauyawa daga safe zuwa yamma, ko akwai teburin gwaji irin na gasar sak, ko kowace ƙungiya ta sami inda za ta zauna ta yi gyara da inda za ta jona wuta. Ajin lise da ya cika waɗannan ya fi mini zauren otal da bai cika su ba. Ku dubi kokowar Takobi. Tun da aka soma ta a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, jiha-jiha take zagayawa, kuma ɗan kokowar da bai iya tsayuwa sai a yashin garinsu ba ya daɗewa a fage.

Yanzu tsarin gasa, wanda a nan ne na fi ganin ana asara. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Akwai gasar da robo ke aiki shi kaɗai daga farko har ƙarshe. A rukunin RoboMission na World Robot Olympiad, wadda aka soma a Singafo a 2004, ɗalibai biyu ko uku ne a ƙungiya, robo ba zai wuce santimita 25 ta kowane gefe ba lokacin tashi, kuma daƙiƙa 120 gare shi. Da ka danna maɓalli hannunka ya fita. Akwai kuma wadda ake haɗa biyu: a VEX daƙiƙa 15 na farko robo ke tafiya da kansa, sauran minti 1 da daƙiƙa 45 ɗalibi ke tuƙa shi da rimot. Ƙungiyar da za ta shiga irin ta farko, ƙarfinta ya tafi ga furogiram da awo. Wadda za ta shiga ta biyu kuma ta ƙi ware mai tuƙi tun da wuri, ta bar shi ya taɓa rimot sai daren gasa, ta zubar da mafi yawan makinta tun kafin a busa usur. Na sha ganin robo mai kyau a hannun yaron da bai saba da shi ba, yana ta karo da bango har lokaci ya cika.

Tsarin da na fi ƙauna shi ne wanda ake ɓoye wani abu sai ranar gasa. World Robot Olympiad tana da dokar ba-zata da ake sanarwa da safiyar ranar. Robofest, wadda jami'ar Lawrence Tech ta jihar Michigan ke shiryawa, ita ma tana bayyana wasu sharuɗɗa a wurin, a ba yara ɗan lokaci su gyara furogiram, babba ko ɗaya ba ya sa musu baki. A irin wannan tsari kuɗi ba ya saya wa yaro nasara, wanda ya fahimci robonsa shi ke fita. A 2019 ƴan matan makarantar Methodist ta Mamfe, wani ƙaramin gari a ƙasar Gana, su suka ɗauki kofin duniya na Robofest a rukunin manya. Ku ƴan mata na Dakoro ku riƙe wannan labari. Kada ku yarda a bar muku riƙon allo da yi wa alƙalai bayani kawai, maza na can da sukundireba da kwamfuta. Ki zauna gaban kwamfutar, ki riƙe ƙarfen like da dalma, ki ƙona yatsa kamar kowa.

FIRST Global kuma wani salo ne. An soma ta a Washington a 2017, ta je Meziko a 2018, Dubai a 2019, Janeba a 2022, Singafo a 2023, Atina a 2024. Kowace ƙasa ƙungiya ɗaya, ta yara masu shekara 14 zuwa 18, kuma akwatin kaya iri ɗaya ake aika wa kowa. Ana haɗa ƙasashe uku-uku su yi wasa a gefe guda na minti 2 da rabi, zagaye na gaba a sake haɗi. Wanda kuka kara da shi da safe yana iya zama abokin tafiyarku da yamma. A nan robon da ya iya aiki ɗaya tak, amma yana yin sa kowane lokaci ba fashi, ya fi daraja a idon abokan haɗi bisa wanda ya ce zai yi komai. Kuma dole ku iya zama da yaron da ba ya jin Hausa ba ya jin Faransanci, ku zana fili a takarda, ku raba aiki cikin ƴan mintoci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nahiyarmu akwai gasar PARC da Dakta Sidy Ndao ɗan Senegal ya kafa a Dakar, wadda aka raba rukuni-rukuni bisa matakin karatu, daga ƴan kolaji har ɗaliban jami'a, don kada ƙarami ya kara da wanda ya girme shi nesa.

Abin da nake so ku tambaya kafin ku biya kuɗin mota shi ne sau nawa za a bar robonku ya hau fili. Gasar sili-ɗaya-ƙwale tana da daɗin kallo, amma ga mai koyo tsada gare ta. Ku yi tunanin yaran da suka taso daga Dakoro, suka yi sama da kilomita 100 zuwa Maraɗi, suka ƙara sama da 600 zuwa Yamai, waya ɗaya ta zare a minti na farko, shi ke nan an sallame su. Me suka koyo? Gasar da ke ba da zagaye uku ko fiye a ɗauki mafi kyau, ko a tara maki, tana ba yaro damar ya faɗi da safe, ya gano dalili, ya gyara, ya dawo da rana. In kuɗin lakwal ko na iyaye bai isa sai gasa ɗaya a shekara ba, ni irin wannan zan zaɓa muku ko da kyautarta ba ta kai ta waccan ba.

Akwai wata magana mai nauyi, zan faɗe ta a hankali don na san ba daga gare ku take farawa ba. Wani lokaci malami ko yaya, saboda son ku yi nasara, yakan karɓi robon ya haɗa da kansa, ko a sauko da furogiram daga intanet a zuba ba tare da kun san abin da ke ciki ba. Ranar gasa alƙali ya durƙusa ya nuna wani gefe ya ce, “Wannan me ya sa kuka sa shi nan?” sai a yi tsit, kowa na kallon mushe. Zanen aro ba ya rufe katara. A FIRST LEGO League wasan tebur kashi ɗaya ne kawai cikin abin da ake dubawa, akwai bayanin yadda aka ƙera robon, da aikin bincike, da yadda ƙungiya ke zama da juna. A VEX ana duba littafin da ɗalibai suka riƙa rubuta aikinsu. Ɗana, in babba ya miƙo hannu zai karɓa, ka ce masa cikin ladabi, “Mushe, ku nuna mini in yi da kaina.” Malamin kirki zai ji daɗin wannan magana. Robo mai karkataccen hannu da kai ka haɗa, in ya tsaya a tsakar fili ka san inda za ka taɓa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2017 an hana ƴan matan Afganistan masu zuwa gasar FIRST Global bizar shiga Amurka har sau biyu, aka hana yaran Gambiya su ma, sai daga baya aka ba su. Mu a nan matsalar takan soma tun daga takardar haihuwa da izinin iyaye, don haka a nemi waɗannan tun ana sauran watanni. Robo kuma kada a sa shi a but ƙarƙashin buhuna. A cire batir, a naɗe shi da tsumma cikin kwali, a rungume shi a cinya. In jirgi za a hau, batirin litiyom a jakar hannu yake tafiya. A riƙe notina da wayoyi na ko-ta-kwana, da doguwar wayar jona wuta, da furogiram a wuri biyu.

Inda gasar ta ba da damar ku kawo aikin da kuka ƙirƙiro ku yi bayaninsa, kada ku kwaikwayi abin da kuka gani a bidiyon wata ƙasa. Ku dubi rijiyoyin arewacinmu masu zurfi da ake ja da raƙumi da shanu, da makiyayan kwarin Tarka, da rumbun hatsi da ƙwari ke ci, da garka mai son ruwa a kan kari. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma ranar nan da ke dukanmu ita ya mayar abin bincikensa har duniya ta san shi. Abdou Maman Kané ya haɗa ban-ruwa da salula, manomi ya kunna famfonsa daga nesa, aikin da ya sa aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Alƙalin da ya ga robo mai ɗaukar kofin shayi sau hamsin zai tsaya ya saurari yaron da ya zo da na'urar auna ruwan rijiya, ya kuma san zurfin rijiyar da sunan ƙauyen.

Kuma ba sai kun jira an kira ku wani gari ba. Ku shirya taku a nan, tsakanin kolaji da lise, ko tsakanin aji da aji. Ku nemi ɗaki mai lafiyayyen siminti. Kafinta ya yi muku tebur ɗaya da kowa zai hau, ku ɗora ƙwayar boris a tsakiyarsa, in ta gangara ku sa kwali ƙarƙashin ƙafa har ta tsaya. A rufe tagogin gefen rana tun kafin a fara, kada a sake taɓa su. A rubuta dokoki da Hausa da Faransanci a raba wata guda kafin ranar, a ɓoye sharaɗi ɗaya sai da safe. Kowace ƙungiya ta hau sau uku, a jefa ƙuri'a wajen jerin hawa. A ja igiya tsakanin ƴan kallo da wurin gyara, malamai su zauna bayan igiyar tare da iyaye. A tanadi batirin sola ko injin wuta don kada ɗaukewar lantarki ta tsayar da ku. Alƙalai kuwa kada su fito daga makarantun da ke karawa. Ku roƙi ɗaliban Lycée Technique Dan Kassawa ko na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su zo, ku haɗa su da mai gyaran rediyo ko salula na cikin kasuwa, don shi da ganin like ya san hannun da ya yi shi.

Kafin kowa ya kwance robonsa ranar, kowace ƙungiya ta rubuta abin da idon robonta ya karanta a kan fari da baƙi, da ƙarfe nawa ne, da abin da ya lalace da yadda aka gyara, a bar littafin a lakwal don ƙannenku. Ku sa ranar a Disamba ko Janairu, da hantsi, lokacin da zafi bai taso ba kuma jarrabawar BEPC da BAC na da sauran nisa. In Allah ya kai mu, ku aiko a kira ni, zan zo in riƙe muku agogo.